Wanda ya gani ya rubuta: bashin da ke wuyan manyan 'yan sanda da 'yan jaridarmu

A wajen walimar wani yaron unguwarmu da ya kammala karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau, aka tambaye shi abin da yake son yi bayan hidimar ƙasa. Ya ce aikin jarida, in Allah ya ba shi tsawon rai kuma ya rubuta littattafai. Bai rufe baki ba kawunsa ya tare shi: "Kai wanga yaro, mi littafi ka yi ma mutum a ƙasag ga? Ka nemi aikin ɗan sanda, ko banza a san da namiji a gidanku. Ba ka ga M.D. ba?" Aka yi dariya, aka ci gaba da rabon abinci.

Maganar ta tsaya mini a rai. Ba ni da ja da aikin ɗan sanda, a Zamfarar yau duk wanda ya yarda ya sa kaki ya shiga daji ya cancanci a yi masa addu'a. Abin da ya dame ni shi ne yadda kawun ya raba mutane gida biyu, wai ga masu aiki, ga masu surutu da takarda. Wannan rabon ya daɗe yana cutar da mu.

Ra'ayina shi ne: ɗan sandan da ya kai ƙololuwar aiki bai sauke nauyin da ke kansa ba ranar da ya miƙa tuta, sai ya rubuta abin da ya gani. Ɗan jaridan da ya shekara goma yana bin labarin kashe-kashe shi ma da saura a wuyansa, sai ya tattara abin da ya sani a littafi. Kuma a jiharmu ɗayansu ba zai iya ba sai da ɗayan.

Mutumin da kawun ya ambata

Muhammad Dikko Abubakar haifaffen Gusau ne, a 1958. Ya shiga aikin ɗan sanda a 1979, ya riƙe kwamishina a jihohi irin su Filato da Kano da Legas, ya kai mataimakin Sufeto Janar mai kula da shiyyar Bauchi. A watan Janairun 2012 shugaba Goodluck Jonathan ya ɗauko shi ya ba shi shugabancin rundunar gaba ɗaya.

A tuna lokacin da aka ba shi. Watanni bakwai kafin nan an tayar da bam a hedikwatar 'yan sanda da ke Abuja. Kabiru Sokoto, wanda a lokacin ake zargi da hannu a harin cocin Madalla na ranar Kirsimeti, ya kuɓuce daga hannun 'yan sanda, abin da ya ci kujerar Sufeto Janar na lokacin, Hafiz Ringim. Ranar 20 ga Janairu aka kai wa Kano harin da ya hallaka mutane fiye da 150, kwana biyar bayan haka M.D. ya karɓi aiki. Bai daɗe ba ya ba da umarnin a kwashe shingayen 'yan sanda daga manyan hanyoyi, direbobin da ke bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ko Birnin Kebbi zuwa Jega sun san abin da wannan umarni ya rage musu na "a ba yara na ruwa". Yana kan kujera aka sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014. A cikin wannan watan ne kuma aka kashe mutane fiye da ɗari a 'Yargaladima, cikin ƙaramar hukumar Maru, wato a jiharsa ta haihuwa. Ƙarshen Yulin 2014 ya cika shekara 35 a bakin aiki ya yi ritaya, yana da shekara 56.

Duk wanda ya zauna a wannan kujera cikin irin waɗannan shekaru ya san abubuwan da ba wani ɗan Najeriya da ya sani. Ya san dalilin da ya sa kuɗin da ake warewa a Abuja ba ya isa caji ofis ɗin ƙauye, har mai ƙara ne zai sayi mai a zuba wa mota. Ya san wanda ke bugo waya in an kama yaron wani babba. Ya san abin da ya sa shingayen da ya rushe suka dawo.

Ba M.D. kaɗai ba. M.D. Yusufu da Ibrahim Coomassie daga Katsina, Muhammadu Gambo Jimeta, Hafiz Ringim, Suleiman Abba, Muhammad Adamu, Usman Alƙali Baba, duk 'yan Arewa ne da suka shugabanci rundunar. Shiga kowane shagon littattafai a Gusau ko Birnin Kebbi ka nemi littafi guda na Hausa da wani tsohon babban ɗan sanda ya bayyana yadda aikin yake daga ciki. Za ka sha wuya.

Ɗan jaridan da bai bar labari ya bi iska ba

Ga misalin ɗaya ɓangaren. Olusegun Adeniyi ɗan jarida ne a ThisDay lokacin da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ɗauke shi kakakin fadar shugaban ƙasa a 2007. Yana nan aka tafi da shugaban jinya Saudiyya a Nuwamban 2009, yana nan aka dawo da shi cikin dare a Fabrairun 2010, yana nan har rasuwarsa ranar 5 ga Mayu. Duk wanda ya rayu a waɗancan watanni ya tuna irin jita-jitar da ta cika gari. A 2011 Adeniyi ya fitar da littafi kan abin da ya gani a fadar. Wasu sun yaba, wasu sun ce ya rufa wa wasu asiri, wasu sun ce ya tona fiye da kima. Amma tun daga ranar, duk mai son yin magana kan ƙarshen mulkin 'Yar'aduwa yana da abin da zai buɗe ya ce ga abin da wani shaida ya faɗa, na yarda da nan, ban yarda da can ba.

Mu a nan rediyo ne jaridarmu. Da asuba a ji labarin an kai hari a wani ƙauyen Zurmi, da hantsi a yi jimami a majalisa, da yamma wani sabon labari daga Shinkafi ko Danko-Wasagu ya danne shi. Wakilin da ya aiko da rahoton yana da minti biyu ko uku. A cikin wayarsa kuwa akwai hirar sa'a guda da matar da aka kashe mijinta a gabanta, da mai garin da ya tara kuɗin da za a kai daji don a bar mutanensa su yi girbi. Wannan hira ba ta taɓa fita. Wayar ta lalace ko a sace ta, shi ke nan.

Abin da Facebook ya ƙara mana shi ne sauri. Bai ƙara mana ajiya ba. Nemi abin da aka rubuta a daren da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, ka ga ko za ka iya haɗa labari mai kai da ƙafa.

Abin da rashin rubutu ke jawo mana

Nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya duba da kyau.

A 2016 gwamnatin Abdul'aziz Yari ta yi sulhu da 'yan bindiga, har da jagoransu Buharin Daji, aka karɓi makamai. Sulhun ya rushe, a 2018 aka kashe Buharin Daji, kashe-kashe suka ƙaru. A 2019 gwamnatin Bello Matawalle ta sake ɗauko sulhu, kwamishinan 'yan sanda na lokacin, Usman Nagogo, shi ne a gaba wajen zama da Fulani da 'yan sa-kai. An sami sauƙi na ɗan lokaci, an sako mutane da dama. A Fabrairun 2021 Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara, ya zo Gusau ya miƙa bindigogi ya yi rantsuwa. Ba a yi wata uku ba ya koma daji, can aka kashe shi. A Satumban wannan shekara aka juya akala: aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. A farkon 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara, rundunar tsaro ta jiha, ta ce ita ba ruwanta da sulhu.

Kowane mataki a cikin waɗannan akwai mutanen da suka zauna a ɗakin da aka yanke shi. Akwai wanda ya san abin da aka yi wa 'yan bindiga alkawari a 2016, da wanda ya fara saɓawa. Akwai wanda ya san ko katse waya ya rage kai hari ko kuwa ya hana talaka kiran agaji ne kawai. Yau in gardamar sulhu ta tashi a majalisa, kowa da abin da ya ji a bakin wani yake magana. Masu cewa a yi da masu cewa kada a yi duk a duhu suke harbi.

Kuma kwamishinonin 'yan sanda ba sa daɗewa. Wani daga Kudu za a kawo shi, bai san bambancin Dansadau da Dangulbi ba, bai san wane daji ne ya haɗe da Birnin Gwari ba, wane ne ya ɓulle Nijar. Kafin ya gane hanya an yi masa canji. Wanda ya gaje shi ya sake farawa daga farko, kamar manomin da kowace damina sai ya sake tambayar inda iyakar gonarsa take. Da waɗanda suka gabace shi sun bar rubutu mai gaskiya, da watannin da yake ɓatawa yana koyo sun ragu, kuma a wannan jiha kowane wata rayuka ne.

"Ai sirrin aiki ne"

Wannan ce hujjar farko da ake kawowa ta ƙin yin rubutun, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Akwai dokar sirrin gwamnati tun 1962. Ba mai hankalin da zai ce a buga sunan mai kawo wa 'yan sanda rahoto daga cikin daji, ko a bayyana dabarar da ake amfani da ita yanzu.

Sai dai yawancin abin da muke buƙata ba ya cikin wannan. Yadda ake rabon ma'aikata har a bar ƙaramar hukuma guda da 'yan sandan da ba su cika motoci biyu ba, alhali gidan wani babba ɗaya yana da masu gadi rututu, wannan ba sirrin tsaro ba ne. Yadda matar kurtun da aka kashe a bakin aiki ke shekaru tana zarya kan haƙƙin mijinta, shi ma haka. Tun 2011 ƙasar nan ke da dokar 'yancin samun bayanai. Kalmar sirri ta zama bargon da ake lulluɓe gazawa da shi, kuma mai ritaya da ya ci gaba da riƙe bargon yana taimaka wa gazawar ne.

"Kansa kawai zai wanke"

Eh, zai yi. Ɗan Adam ne. Duk wanda ya ɗauki alƙalami kan rayuwarsa zai haska inda ya yi daidai, ya bi ta gefen inda ya yi kuskure.

Amma ko wankin kai yana da amfani, domin da zarar mutum ya rubuta ya ba da abin kamawa. M.D. Abubakar shi ne kwamishinan 'yan sandan Filato lokacin rikicin Jos na Satumban 2001, kwamitin binciken Mai Shari'a Niki Tobi ya soki yadda ya tafiyar da lamarin, kuma masu adawa da naɗinsa a 2012 sun ɗauko wannan magana. Ni ɗan jiharsa ina so in karanta nasa ɓangaren dalla-dalla, daga bakinsa, in ajiye kusa da na kwamitin in auna. Masu ganin an zalunce shi da masu ganin ya yi sakaci duk za su amfana.

A nan ne ɗan jarida ke shigowa. Shi aka koya wa tambaya ta biyu, wadda ake yi bayan babba ya ba da amsar da ya shirya. Shi zai ce, "Ranka ya daɗe, ka ce an tura ɗauki da wuri, amma mutanen garin sun ce sai da rana ta fito. Yaya ke nan?" Littafin da babban jami'i ya rubuta shi kaɗai, ko wanda ya biya wani ya rubuta masa don a ƙaddamar a tara kuɗi ranar cikarsa shekara saba'in, yawanci yabo ne da hotuna. Irin wannan ba shi nake nema ba. Wanda aka yi da ɗan jarida mai 'yancin tambaya, shi ne zai yi amfani.

"Fariya ce, ba tarbiyyarmu ba ce"

Wannan ta fi ba ni mamaki in na ji ta a bakin mutanen Kebbi da Zamfara. Mallam Abdullahi na Gwandu ya ja runduna a Tafkin Kwatto a 1804, kuma ya zauna ya rubuta Tazyinul Waraƙat. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi yaƙi har aka ci Alƙalawa a 1808, ya rubuta Infaƙul Maisur. Ba nasara kaɗai suka rubuta ba. Sun ba da labarin Alwasa, kusa da Gwandu, inda jama'arsu suka sha kashi a 1805. Mallam Abdullahi har ya rubuta ɓacin ransa kan yadda ya ga wasu daga cikin mutanensu sun karkata ga neman duniya. Shekaru ɗari biyu ke nan, kuma da waɗannan littattafai ne ɗalibai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke sanin abin da ya faru a ƙasar da muke takawa.

Wanda ya ja mutane zuwa fagen fama sannan ya zauna ya rubuta abin da ya faru, har da inda aka yi kuskure, gadon gidanmu yake bi.

"Tallata 'yan ta'adda ne"

A 2022 BBC ta fitar da wani fim na bincike kan shugabannin 'yan bindigar Zamfara, wanda wani matashi ɗan jihar, Yusuf Anka, ya shiga daji ya yi. Trust TV ma ta yi nata. Hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5, ta ce an ɗaukaka ta'addanci. Na ji mutane masu mutunci a Gusau sun goyi bayan tarar, kuma na fahimce su. Wanda aka kashe wa ɗa ba ya son ganin fuskar makashin a talabijin yana magana kamar wani mai hujja.

Duk da haka ban yarda da su ba. Ba ka maganin cutar da ba ka san ta ba. Kuma wannan damuwa ma hujja ce ta a yi littafi. A bidiyon minti uku ɗan bindiga zai faɗi abin da ya ga dama ya wuce. A littafi marubuci na da filin da zai kawo maganarsa, ya kawo ta matar da ya mayar bazawara, ya kawo ta makiyayin da 'yan sa-kai suka kashe wa ƙane a kasuwa ba tare da shari'a ba, ya kawo ta DPO ɗin da ke wurin, ya nuna inda kowa ya yi ƙarya.

Haɗari kuwa akwai shi, ba na raina shi. Marubucin da ke zaune a Tsafe ko Zuru da iyalinsa ba daidai yake da na Abuja ba. Ana iya sakaya sunaye, ana iya jinkirta wani babi. Hira dai a yi ta yanzu, a adana, tun masu bayanin na da rai.

"Wa zai karanta?"

Masu wannan tambaya ba su lura da matan gidajensu ba. Littattafan Hausa na soyayya sun shekara talatin suna yawo hannu da hannu, yanzu sun koma WhatsApp, mata na biyan kuɗi a tura musu babi-babi. Gidajen rediyo na karanta littattafai, mutane na kashe aiki su saurara. Masu karatu suna nan. Abin da aka hana su shi ne labarin kansu a harshensu. Rahotannin da ake rubutawa kan Zamfara yawanci da Turanci ne, don masu ba da tallafi da masu taro a otal. Mutumin Bagega da ya rasa 'ya'ya a gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400, bai taɓa riƙe takardar da ta bayyana masa da Hausa yadda abin ya faru ba.

Kuɗi matsala ce ta gaske. Ɗan jaridan da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba zai ajiye aiki shekara guda ya yi littafi ba. Amma attajiran da ke zuba miliyoyi a wajen ƙaddamar da littafin yabo za su iya ɗaukar nauyin marubuci ɗaya na shekara, da sharaɗin ba za su sa masa baki ba. Jami'o'in Gusau da Birnin Kebbi da Aleru za su iya buɗe ɗakin ajiye hirarraki.

Inda za a fara

Akwai aikin da an riga an yi rabinsa. A 2019 gwamnatin Zamfara ta naɗa kwamitin gano bakin zaren matsalar tsaro, M.D. Abubakar ne shugabansa, suka miƙa rahoto a watan Oktoba. Abin da jaridu suka tsakuro daga ciki ya girgiza mutane: daga 2011 zuwa 2019 an kashe mutane fiye da 6,000, yara kusan 25,000 sun zama marayu, an biya kuɗin fansa fiye da naira biliyan 3, kuma kwamitin ya ba da shawarar a tuɓe wasu sarakuna da hakimai da ya samu da hannu. Tsohon Sufeto Janar ne ya sa hannu a wannan, ba ɗan adawa ba, ba baƙo ba.

Mafi yawanmu guntayen nan na jarida kawai muka sani. Marayun da aka ƙidaya a ciki da yawansu sun zama samari da 'yan mata yanzu, suna da haƙƙin karanta abin da aka gano game da mutuwar iyayensu. A buga rahoton cikakke, a mayar da shi Hausa, a cire sunayen shaidun da rayuwarsu za ta shiga haɗari, a kai shi makarantu da gidajen rediyo. Sannan wani ɗan jaridan jihar nan ya ɗauke shi ya bi sawu: ya koma wurin 'yan kwamitin, ya tambaye su wace shawara aka bi, wace aka jingine, don me.

Kada kuma a tsaya kan manya. Sajan ɗin da ya shekara goma a caji ofis ɗin Dansadau ko Wasagu ya san ranar da satar shanu ta rikiɗe ta zama satar mutane, ya san ƙarar da aka kawo aka yi biris da ita har ta haifi ramuwar gayya. Irinsu suna nan a unguwanninmu sun yi ritaya, suna jiran fansho, ba wanda ya taɓa zuwa da na'urar ɗaukar magana ya ce musu, "Baba, ba ni labari tun daga farko."